Rabon Naman Juma'a

A fulat ɗinmu na unguwar Hor Al Anz, can ƙasar Larabawa, tire ɗaya gare mu na cin abinci, ƙato, na silba, gefensa a lotse tun ranar da ya suɓuto daga saman firji. Sauran kwanakin mako kowa ya ci a inda aiki ya jefa shi. Amma ranar Juma'a, da yake a lokacin ita ce ranar hutu, in an sauko daga masallaci sai a shimfiɗa leda a tsakar falo, a girke tiren nan, mu huɗu mu kewaye shi.

Babbanmu shi ne Baaba, mutumin zangon Kumasi, mai gadi a wani siton kayan yaji a Al Ras. Kafin ya murɗa ƙofa ma ƙamshin kanumfari da ya kama rigarsa ya riga shi shigowa. Shi ke girki, kuma bai yarda wani ya taɓa masa tukunya ba. Sai Akanta, Bakatsine, wanda da sunansa aka kama hayar gidan, saboda haka in ya ce a'a, to a'a ɗin ce. Sai Ticha, ɗan Zariya, malamin lissafi, mutumin da in ana gardama sai ya tuna yana da waya da zai buga. Sai ni, Bakano, wanda bakinsa ba ya gajiya.

Doka ɗaya ce a tiren nan: ba mai taɓa nama sai Baaba ya raba. Da hannunsa yake yagar kaza, ya tura wa kowa rabonsa gabansa, yana yi yana tsiya. Ni yakan ba ni wuya ya ce, “Dokta, ci wannan, ko surutu ya ragu.” Ni ba likita ba ne, ma'aikacin ɗakin gwaji ne, amma na gaji da gyara masa na bar shi.

Wurin aikina ɗakin binciken cututtukan dabbobi ne, kuma yawanci jinin raƙuma da na shaho muke dubawa. A shekarar da ta gabaci korona sai shugabarmu, wata Baturiya 'yar Ostareliya, ta karɓo mana wani aiki daga abokan bincikenta na gida. Akwai wata dabba a tsibirin Tasmaniya, baƙa, girman ƙaramin kare, mai farin zane a ƙirji, tana goyon 'ya'yanta a jakar ciki. Turawa na kiranta shaiɗanin Tasmaniya saboda ihunta. Dabbar nan tana ƙarewa, kuma abin da ke cinye ta ciwon daji ne da ke fitowa a fuska. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, wannan dajin yaɗuwa yake yi. In ɗaya ta ciji ɗaya, ƙwayoyin ƙarin da kansu ke ballewa su shige raunin, su kafa gida a sabon jiki. Aikina in raya ƙwayoyin a kwalba, in rina zarurrukan gadon da ke cikinsu, in ɗauki hotonsu a maikuroskof. Duk wanda na duba, daga kowace dabba aka ciro shi, zaren gadonsa na wata mace guda ce da ta daɗe da mutuwa. Ita ta mutu, ciwonta yana yawo.

Wallahi abin ya tafi da ni. Kuma ni in abu ya tafi da ni, sai kowa ya ji. Wata Juma'a muna kan wake da shinkafa na Baaba, da shito, yajin mutanen Kumasi mai sa hanci zuba, na fara ba su labari har da zaro waya in nuna hotuna.

“Haba, abinci fa ake ci,” in ji Ticha, ya kawar da kai.

Akanta kuwa bai kawar ba. Ya karɓi wayar da hannun hagu, ya daɗe yana kallon fuskar dabbar, muƙamuƙinta ya kumbura ya fashe.

“Kana nufin daji na yaɗuwa?”

“A wurinsu, e. Taruwa suke yi a kan mushe ɗaya, suna ci suna cizon juna. Su kuma jininsu kusan ɗaya ne, ga ƙwayar ta iya ɓuya, sai jiki ya kasa gane baƙuwa ce. Amma ba ya kama mutum.”

Baaba ya lashe yatsa ya ce, “To, kun dai ji. Kar wanda ya ciji wani a tiren nan.” Muka kwashe da dariya, har Akanta ya ɗan murmusa ya miƙo mini wayata.

Bayan wasu watanni Baaba ya fara tauna ta gefe ɗaya. Ya ce haƙori ne, ya riƙa danna kanumfari a wurin. Sai kumburi ya fito a ƙasan muƙamuƙinsa na dama, kamar an cusa goro a ƙarƙashin fata. Na matsa masa da masifa har ya je asibiti. Aka yanki ɗan nama aka gwada. Ranar da sakamako ya fito ni na raka shi, kuma a gabana likita ta faɗa: ciwon daji ne. Ta ce an ci sa'a bai yi nisa ba, za a yi tiyata a cire wani sashe na ƙashin, sannan a yi gashin wurin da na'ura. Inshorar kamfaninsu za ta ɗauka. Baaba ya ce “Alhamdu lillahi,” ya tambaye ta ko zai ƙara tauna nama. Ta ce ba nan kusa ba.

Ba a yi mako ba na dawo daga aiki na shiga kicin neman ruwa, na ga an ware faranti ɗaya, kofi ɗaya, cokali ɗaya a kan taga. Kowannensu an naɗa masa jan salatif. Na tsaya ina kallo, na ji kunnuwana sun yi zafi.

“Wa ya yi wannan?”

Akanta ya fito daga ɗakinsa yana gyara gilashi. “Ni ne. Kuma daga yau takalminka na aiki a waje zai riƙa kwana.”

“Takalmina?”

“Mutumina, kar mu yaudari juna. Kullum kana wasa da abin nan a kwalba, ka dawo ka sa hannu a tire. Ka nuna mana dabba da ƙari a muƙamuƙi. Yau ga Baaba da ƙari a muƙamuƙi. Me kake so in ce?”

Kai! Na ajiye jaka na hau shi da bayani, murya a sama. Na ce masa ƙwayar dabbar nan ko allurarta aka yi wa mutum, jiki zai gane ta ya kashe ta nan take. Na ce abin da aka ciro daga bakin Baaba an duba, naman Baaba ne, ba na wata dabbar tsibiri ba. Na ce dajin mutum ba ya bin miyau, ba ya bin cokali, ba ya bin gumi. Da ma jahili ne da na huta, amma Akanta mutum ne mai kaifin kai, kuma duk abin da na taɓa faɗa a tiren nan ya adana.

“Kafin a gano na dabbar nan, ku masana me kuke cewa? Ba cewa kuke daji ba ya yaɗuwa ba?”

“An san na karnuka tun da daɗewa, amma…”

“Au, har da karnuka? To madalla. Kuma kai ka ce mana an sake gano wani na biyu a jikin dabbar, wanda ba a yi zato ba. Me zai hana a gano na uku a falon nan? Ka rantse mini da Allah ba a taɓa samun dajin mutum ya shiga jikin wani mutum ba.”

Nan fa ya kama ni. Ba zan rantse a kan ƙarya ba, har gobe. Na ce an taɓa samu, nadiran, ta hanyar dashen ƙoda ko makamancin haka, inda aka ɗauki nama aka sa a cikin jikin wani, amma wannan ba shi da haɗi da cin tuwo.

“Khalas, magana ta ƙare,” in ji shi, ya tafa hannu. “An taɓa samu.”

Na juya ga Ticha, wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana murza waya. “Kai ba za ka ce komai ba?”

“To, ai rigakafi ba laifi ba ne,” in ji shi, idonsa a ƙasa.

Na yi tsaki mai ƙarfi. Sai da na waiwaya na ga Baaba a bayansa, da ledar cefane a hannu. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya raɓa mu ya shiga kicin, ya ɗauki kofin mai jan salatif, ya tari ruwa ya sha, ya wanke shi ya mayar kan taga.

Juma'ar da ta biyo ya yi girki kamar kullum, amma da ludayi ya zuba nama, ya ɗauki farantinsa ya koma gefen kujera. Zuciya ta ɗebe ni, na bar tiren na je na tsoma hannu a farantinsa. Abin da na jawo kawai, washegari aka ware mini nawa kofin ni ma. Gida ya zama kamar ɗakin jiran asibiti. Kowa ya shigo sai ya yi sallama ƙasa-ƙasa ya shige ɗaki. Na ce Akanta ya zo wurin aikina ya gani da idonsa, ya ce Allah ya kiyaye. Na ce ya bi mu asibiti ya tambayi likitar Baaba, ya ce likita ba a gidan take kwana ba.

Abin da ya fi ci mini rai, a wurin aiki ma maganarsa ce ke bina. Ina zaune gaban maikuroskof ina ƙirga zarurruka, shugabarmu tana ba ni labarin yadda ake kwashe lafiyayyun dabbobin a kai su wani tsibiri daban, a raba su da masu ciwo don kar irin ya ƙare. A wurinsu warewa ita ce daidai. Na taɓa faɗa a gida, kuma Akanta bai manta ba, don ya jefe ni da ita: “Kai ka ce ware su ake yi.” Shugabar tamu ta kuma gaya mini cewa da yawa cikin dabbobin ba ƙarin ne ke kashe su kai tsaye ba, yunwa ce, don baki ya toshe ba sa iya ci. Ranar na kasa gama aikina, na fita baranda na tsaya cikin zafin rana har rigata ta jiƙe.

Sai kuma babbar ta faɗo. Akanta ya sami Baaba, cikin ladabi har da durƙusawa, ya ce in ba damuwa ya nemi wani wuri zuwa ƙarshen wata, “har Allah ya ba da lafiya”. Baaba da kansa ya gaya mini, muna tafiya tashar jirgin ƙasa da safe.

“Zan koma Kumasi, Dokta.”

“Kumasi? Tiyatar fa?”

“A bar ta. Masaukin kamfani yana can bayan gari, mutum takwas a ɗaki, ba mai jin Hausa. In an fasa mini baki, wa zai dama mini koko? Gara in je in mutu inda za a ci da ni.”

“Baaba, in ka tafi inshorar ta tafi. Ciwon nan yanzu ne ake iya cire shi. Ni zan nema mana ɗaki, mu biyu.”

Ya girgiza kai. “Ba ɗaki ba ne, ɗana. Yaran da na yi shekaru ina raba wa nama sun ji ƙyamar hannuna. Kafra, ba zan iya ba.” Kafra a bakinsu ban haƙuri ne. Shi da aka yi wa laifi, shi ke ba ni haƙuri, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Na yi niyyar in koma gida in yi wa Akanta tas, in ya so a raba hayar kowa ya kama gabansa. Ticha ne ya tare ni a bakin shagon shayi na ƙasan bene. Ya ja ni gefe, karo na farko da na ga ya shiga magana da ƙafarsa.

“Ka san me ya kashe mahaifin Akanta?”

“Ina zan sani?”

“Dajin maƙogwaro. Shi ya yi jinyarsa. Shi ke ba shi abinci a baki, in tsohon ya rage ya cinye ragowar don neman albarka. Tun ranar da ka nuna hotunan nan, kullum da safe sai ya tsaya gaban madubin banɗaki yana lalubar wuyansa. Ni nake jiran layi a bayansa, na sani. Yana da 'ya'ya uku a Katsina.”

Jikina ya ɗan yi sanyi, amma ba zan ce na huce ba. Na ce tsoronsa ba hujja ba ce ta kashe Baaba. Ticha ya ce shi ma bai ce hujja ba ce.

Aka zo Juma'ar ƙarshe. Tiyata farkon mako ce, in Baaba ya tsaya. Jakarsa kuwa a ɗaure take a bayan ƙofa, ya riga ya sayo tsarabar jikoki a kasuwar Naif. Na san ko wanne ya zaɓa, wannan ne cinsa na ƙarshe a falon nan da haƙoransa. Tun kafin masallaci ya tuƙa tuwo, ya yi miyar ayoyo, ya soya kaji biyu maimakon ɗaya. Da muka dawo ya shimfiɗa leda, ya girke tire, ya ɗora kajin a tsakiya ba a yaga ba. Sannan ya zuba ɗan tuwo a farantinsa mai jan salatif ya nufi gefen kujera.

Ban yi shawara da kowa ba. Na miƙe na karɓe farantin daga hannunsa, na juye shi a kan tiren, tuwo da miya, na sa hannu na cakuɗa gefen da sauran. Na ajiye farantin a ƙasa da ƙarfi har ya yi ƙara.

“Baaba, zauna.”

“Dokta, kar ka jawo fitina.”

“Na riga na jawo. Zauna.”

Ya zauna a hankali, a wurinsa na da. Ticha yana durƙushe da hannu a wanke, ruwa na ɗiga daga yatsunsa, ya rasa gaba ya rasa baya. Akanta yana tsaye a bakin kicin, fuskarsa ta yi fari-fari.

Baaba ya tura kajin gabana da bayan cokali. “Raba.”

“Ni ne babba? Tun yaushe?”

“Raba mana, don Allah.”

“Wallahi ko za mu kai la'asar a nan ba zan taɓa ba.”

Ya dube ni, ya dubi hannunsa. Ya yi bisimilla ya kama kazar, ya yage cinya, ya yage ƙirji, mai na bin tsintsiyar hannunsa. Ya tura mini wuya, ba tsiya wannan karon. Ya tura wa Ticha fiffike da tsoka. Cinya kuwa, wadda kullum ta Akanta ce, ya riƙe ta jim kaɗan, sannan ya ajiye ta a gefen da ba kowa.

Na fara ci, ina tauna da ƙarfi da gangan. Ticha ya haɗiye miyau, ya ce “Bismillah” kamar wanda zai faɗa rijiya, ya kai loma. Saura ɗaya. Ban ɗaga kai na dubi Akanta ba, don na san in muka haɗa ido zan faɗi abin da zai ɓata komai. Na ji takunsa, na ɗauka ɗaki zai shige. Sai na ji ƙarar famfo, sannan ga gwiwoyinsa a kan leda kusa da nawa.

Ya daɗe yana kallon cinyar nan. Gumi ya tsattsafo masa a goshi duk da sanyin ɗakin. Ya ɗauke ta, miya na ɗiga a wandonsa. Ya rufe ido ya gatsa. Na ga maƙogwaronsa ya yi sama ya tsaya, kamar ba za ta wuce ba, sannan ta wuce. Ya sake gatsa. Bai tsaya ba sai da ya bar ƙashi fari. Ya ci tuwo loma biyu daga gefen da na cakuɗa.

“Baaba,” in ji shi, “a kwance jakar nan. Ni zan kai ka asibitin, na ɗauki hutu.”

Bai jira amsa ba ya miƙe ya shiga banɗaki ya rufe. Muka ji ya buɗe famfo. Muka ji yana kurkure baki yana tofarwa, ya sake, ya sake, har da ƙarar buroshi da kakarin wanda ke son ya fitar da abin da ya riga ya haɗiye. A nan na gane ko kalma ɗaya ta bayanina bai yarda da ita ba. Ni na ci ne don na san ba abin da zai same ni. Shi kuwa ya ci yana ganin mutuwa ce ya tauna, yana tuna 'ya'yansa uku. Duk da haka raina ya sake ɓaci, don ƙarar tana shigowa falo sarai, kuma Baaba yana ji. Na yunƙura zan je in buga ƙofar in ce ya ji kunya mana.

Baaba ya riƙe mini hannu da hannunsa mai maiƙo. Idonsa ya cika da ruwa, amma gefen bakinsa mai lafiya yana murmushi.

“Zauna, Dokta,” in ji shi. “Bar shi ya wanke. Ai ya ci.”